Ƙwallon da Na Ci a Ƙarƙashin Lafaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗar kaina ba, kuma ko na so in manta, dangin mijina ba za su bar ni ba. Har yau in aka haɗu a gidan suna sai an sami wadda za ta kalle ni ta ce, "Amarya, yau nawa da nawa?" (Ga goyo a bayana, amma a wannan zancen har gobe amarya nake.)

Bari in fara daga inda cutar ta samo asali. Yayana yana da shagon gem, wato wasannin bidiyo, a Sabon Gari, kuma tun ina sakandare ni nake kai masa abincin rana. A cikin wasannin shagon akwai wani na ƙwallo da ya shiga raina. Ba irin mai alƙali da dokoki ba ne. 'Yan wasa biyar-biyar ne masu manyan kawuna, babu satar gida, babu jan kati, ka bangaje mutum ya wuntsila babu mai ce maka kanzil. In ka tara ƙarfin bugu ya cika kuwa, ƙwallon kamawa take yi da wuta, ta kwashi gola ta zuba shi a raga. Idan shago ya yi sauƙi, sai mu zauna gaban talabijin ɗaya ni da ƙawata Rifkatu, 'yar Zariya da iyayenta suke koyarwa kusa da gidanmu, mu yi ta fafatawa har tuwon Yaya ya huce.

A can na koyi wasa, a can kuma na koyi baki. Al'adar shagon ita ce, duk wanda ya ci sai ya miƙe tsaye, ya nuna abokin karawarsa da yatsa ya ce, "Je ka faɗa wa Ummanka!" Wato je ka kai ƙara gida kamar yaron da aka ƙwace wa alewa. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

A shagon na haɗu da Habibu, wanda yake tsaron shagon mahaifinsa a Kasuwar Singa. Ranar farko da na ci shi, cewa ya yi madannin ne ya lalace. Rana ta biyu ya ce wuta ce ta yi ƙasa. Da gem ɗin ya fito a waya, ana bugawa da mutum ko yana ina, sai muka koma can, shi yana Singa ina gida, ina cin sa yana cewa sabis ne. Da uzuri ya ƙare masa sai ya turo magabatansa.

To mahaifiyarsa, Hajiya Umma ta Kwaciri, mace ce mai kwarjini, irin wadda in ta yi gyaran murya har kaji suke nutsuwa. Ranar da aka kai ni in gaishe ta, na zauna a gefen tabarma kaina a sunkuye, ban ɗago ba har muka tashi. Washegari labari ya zagaya dangi. Hajiya ta ce, "A wannan zamanin a sami yarinyar da ba ta iya kallon idon babba? Wallahi Habibu ya yi dace." Gaskiyar magana kuwa, waya ce a cinyata a cikin hijabi, kuma ana cina ɗaya ba ko ɗaya.

Da maganar ta zo kunnen Mama, har ƙwalla ta yi. Tunda ta haife ni ba a taɓa yabona da kunya ba. Ta zaunar da ni ta ce, "Wannan shaidar da uwar mijinki ta yi miki ita ce darajarki a gidan nan. Ki riƙe ta da hannu biyu." Na ce to. (Ban gaya mata cewa hannayen nawa biyun suna da wani aikin ba.)

Ana saura 'yan kwanaki biki Gwaggo Asabe, ƙanwar Babanmu, ta ƙwace wayata ta ba Rifkatu ajiya, wai amarya ba ta latse-latse ana gyaran jiki. Na yi haƙuri. Aka ɗaura aure, aka kai ni, na yi kukan da ya sawwaƙa. Washegari bayan azahar aka naɗe ni a lafaya tun daga kai har ƙafa, aka kai ni falon Hajiya don buɗar kai. Falon ya cika maƙil da dangin miji, ga ƙamshin turaren wuta, ga zafi, fanka tana juyawa kamar an roƙe ta. Aka zaunar da ni a tsakiya, Gwaggo a dama, Rifkatu a hagu. Aikina ɗaya ne tak: in zauna shiru har uwar miji ta ba da tukwici ta yaye mini lulluɓi da hannunta.

Sai na ji Rifkatu ta zuro mini wani abu ta ƙarƙashin lafaya. Ta raɗa mini, "Angonki ya dame ni, ya ce lallai in ba ki. Wai magana ce mai muhimmanci."

Na duba. Wayata ce, ga gayyatar wasa daga Habibu, da saƙo a ƙasa: "An ce amarya ta yi ritaya. In ba tsoro ba, ki karɓa." Ashe yana waje a ƙarƙashin rumfa da abokansa, sun ci sun ƙoshi, shaiɗan ya sami wurin zama.

Wallahi na yi niyyar kashe wayar. Na ma kai yatsa. Amma kalmar nan "tsoro" ta tsaya mini a wuya. Na ce a raina, wasan nan ai gajere ne, kafin tsofaffi su gama gaishe-gaishe na gama da shi. Na rage ƙarar har ƙasa, na karɓa. Kuma in faɗa muku gaskiya, ban taɓa samun wurin buga gem mai daɗi kamar cikin lafaya ba. Babu hasken da zai dame ka, babu mai leƙa maka allo.

Matsalar ita ce yatsuna. Kwana da kwanaki ana shafa musu mai da kurkum, ga gumi, sai santsi suke a kan gilashi. Kafin in daidaita zama Habibu ya zura mini ɗaya. Takaici ya sa kafaɗuna suka fara rawa. Nan take wata tsohuwa, Inna Yalwa, yayar Hajiya, ta dafa bayana.

"Ayya, yi haƙuri 'yar nan. Duk haka muka baro gidajen iyayenmu."

Ya ƙara ta biyu. Na ce, "Innalillahi!" a fili. Falon ya ɗauki "Allah sarki." Na ji wata tana jan majina.

Na goge yatsa a zanina na dage. Na bangaje ɗan bayansa na rama ɗaya. Na sake kutsawa, na buga, ƙwallo ta daki turke ta dawo. Ban san lokacin da na ce, "Wayyo Allah na!" ba. Gwaggo Asabe, wadda ko a makoki ba ta cika kuka ba, ta fashe da kuka tana cewa, "Yarinyar nan akwai ƙulafucin uwa." Rifkatu kuwa ta riga ta gane, don ta san motsin gwiwar hannuna. Ta mintsine ni a cinya.

"Ke, don girman Allah ki kashe abin nan. Hajiya ta taso."

Ina zan kashe, na farke ta biyu? Biyu da biyu, lokaci ya kusa cika, kuma ma'aunin ƙarfin buguna yana gab da cika.

Na ji an zauna a gabana, an kama bakin lafayata. Muryar Hajiya ta fito a hankali, mai sanyi.

"'Yata, share hawayenki. Nan ma gidanku ne. Ni na san irin tarbiyyar da aka yi miki, ko muryarki ban taɓa ji da kyau ba. Ga Habibu nan, amana ne a hannunki. Ki tausaya masa, kada ki..."

Ma'auni ya cika. Ɗan wasana yana gaban raga. Na danna, ƙwallo ta kama da wuta, ta kwashi golan Habibu ta watsa shi a raga, aka tashi wasa.

Jama'a, jikina ne ya yi, ba ni ba. Shekarun da na yi a shagon Yaya ne suka miƙar da ni tsaye. Na yi tsalle, na miƙa yatsa, na kware murya:

"Ta shiga! Je ka faɗa wa Ummanka!"

Lafaya ta zame ta zauna a hannun Hajiya. Ga ni tsaye, kai a buɗe tun ba a ba da tukwici ba, waya a hannun hagu, yatsan dama kuma yana nuna tsinin hancin uwar mijina. Mai guɗa ta riga ta kama hanci, sai ta tsaya a haka. Kamar abin bai isa ba, sai ga ihu daga waje, abokan ango da suka taru a kan wayarsa suna ta kururuwa, "An ci ango! Amarya ta ci ango!"

Hajiya ta dubi yatsan, ta dubi wayar, sannan ta dube ni. Wannan ne karo na farko da muka haɗa ido.

"To ga Umman tasa," in ji ta. "Me za a faɗa mini?"

Na sulale ƙasa. Na kai hannu zan jawo lafaya in rufe fuska, ta ƙi saki.

"Da nawa?"

"Uku da biyu, Umma." Na faɗa, na sake sunkuyar da kai.

Ta sa aka kira shi. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, hula a karkace.

"Habibu, an ce ka zo ka faɗa mini. Ina jin ka."

"Umma, wallahi sabis ne ya..."

Bai ƙarasa ba falon ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Gwaggo ce kaɗai ba ta yi ba. Ta goge hawayen da ta yi asararsu, ta fita tsakar gida da wayarta, kuma na san wa za ta kira. Da na tuna fuskar Mama ranar da ta ce in riƙe da hannu biyu, sai kuka ya zo mini, na gaske, mai shessheƙa, irin wanda ake nema tun jiya. Amma babu wadda ta yarda na gaske ne. Inna Yalwa ta leƙo fuskata ta ce, "Me ya faru kuma? Ya rama ne?"

Mama ta daɗe ba ta sake mini fuska ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Hajiya kuwa ba ta ƙara kirana mai kunya ba har yau. Duk ranar da na je Kwaciri, tun daga bakin ƙofa take miƙo hannu, in ba ta waya, ta tura ƙarƙashin matashi ta zauna a kai, sannan ta ce, "Yauwa, ɗago mu ga idon." A haka dole muka fara hira, kuma a haka muka saba, har ta kai in Habibu ya ɓata mini rai ita nake fara kai wa ƙara.

Na dai yarda da masu cewa kayan aro ba ya rufe katara, don kunyar da na ara ko buɗar kai ba ta kai ni ba. Sai kuma darasi na biyu, wanda Yaya bai taɓa koya mana a shago ba: kafin ka aiki mutum wurin uwarsa, ɗaga lulluɓi ka duba ko ita ce a gabanka.