Ranar da Na Ɗinka wa Bijimi Riga

Ba zan taɓa mantawa da taron nan na Gumel ba, kuma ko na so in manta, mutanen karar Maigatari ba za su bar ni ba. Ni fataucin shanu nake yi. Da riƙe wa mutane igiya na fara, har Allah Ya sa yau tirela nake lodawa zuwa kudu. Na faɗi wannan ne don ka san ba sakarai ne ke ba ka labari ba. Aƙalla kafin ranar ba a ɗauke ni a haka ba.

Tare muka fara riƙon igiya da Alhaji Sabo. Sa'ana ne, abokina ne, kuma a harkar dabba na fi shi ido (ya sani, bai dai taɓa faɗa ba). Na riga shi sayen mota, na riga shi zuwa Makka. Haka muka taso, ina gaba yana biye, kuma zumuncinmu lafiya lau.

Da zaɓe ya ƙarato, kowa ya ga kujerar Sanatanmu tana rawa. Ana cewa ya daɗe a Abuja har ya manta hanyar gida. Daga teburan masu shayi na Gumel har Ɗanzomo, zancen wani sabon ɗan takara ake yi, wanda ake kira Injiniya. Ni kuwa na dubi Sanata yadda nake duban tsohuwar saniya, na ga haƙori ya ƙare, tafiya ta yi nauyi. Na ce wannan ba zai kai ba. Sai na ware wani farin bijimi da na sayo daga Damagaram, wanda babu kamarsa a garkena, da niyyar in kai wa Injiniya ranar da zai shigo garinmu.

A kara, in dabba ta samu mai ita, rubuta sunansa ake yi da fenti a jikinta don kada ta gauraya da na wasu wajen lodi. Hannu ya saba. Na ɗauki jan fenti na zana INJINIYA a haƙarƙarin bijimin nan, manyan baƙaƙe, na ɗaure shi a bayan gida ina jiran rana.

Sai ga wata Alhamis, kasuwa na tsakiyar ci, jerin motocin Sanata suka shigo. Rumfata ce ta farko daga bakin ƙofa. Har na miƙe ina gyara hula. Suka wuce ni, suka tsaya a rumfar Sabo. Kafin la'asar labari ya gama kara cewa an naɗa shi shugaban kwamitin 'yan kasuwa na yaƙin neman zaɓen Sanata. Da za su fita, Sabo ne a kujerar gaba. Motar akwai na'urar sanyi, amma ya sauke gilashi har ƙasa don mu gan shi da kyau. Ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa, Allah Ya yafe mini abin da na faɗa a zuci.

A gida na tura kwanon tuwo gefe. Hajiya Rabi, matata, ta dube ni.

"Alhaji, ba kai ka ce Sanatan nan ya gama yawo ba?"

"Na faɗa."

"To me ya hana ka cin abinci?"

"Cikina ne ba daɗi."

"Ciwon cikin nan dai sunansa Sabo," in ji ta, ta ɗauke kwanonta.

Ba a jima ba aka sa taro a Gumel, inda 'yan kasuwar yankinmu za su nuna wa Sanata goyon baya. Na ji Sabo raguna zai kai. Raguna, a gaban mai bijimin Damagaram. Nan take na fara yi wa kaina huɗuba: ai mai riƙe da kujera ba a raina shi, ai Injiniya yaro ne, ai ƙuri'ar ƙauye ba a san inda za ta faɗa ba. Duk ƙarya nake yi wa kaina. Ra'ayina a kan Sanata bai canza ko kaɗan ba. So nake kawai a kira sunana a lasifika da ƙarfin da ya fi na Sabo.

Saura fenti. Na sa kananzir, na sa sabulu, na dirje har bijimin ya fara hararata. Jan ya ɗan koɗe, amma ko makaho ya shafa zai karanta. Sai dabara ta zo mini (a lokacin na ɗauka dabara ce). Na sayi atamfar da aka buga hoton Sanata a jiki, na sa tela ya ɗinka wa bijimi riga daga tozo har gindin jela, da igiyoyin ɗauri ta ƙarƙashin ciki.

Hajiya Rabi ta leƙo ta ga ana gwaji. "Kai da kullum kake cewa duk dabbar da aka rufe akwai abin da ake ɓoyewa?"

"Ba ciniki zai yi ba, kyauta zai karɓa. Mutanen Abuja daga nesa suke ɗaga hannu su ce an gode."

Abin da na manta shi ne, Sanata a ƙauyen Sule Tankarkar ya tashi, cikin shanu. Kuma ɗan ƙasar nan ba a nuna masa dabba ya tsaya da ido. Sai ya dafa tozo, ya buɗe baki, ya shafa haƙarƙari. Balle mutumin da ake zargi da manta gida, ga jama'a sun cika fili suna kallonsa.

Farkon abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Da aka sauko da bijimin nan cikin rigarsa, fili ya ɗauki sowa. Maroƙi ya bar ragunan Sabo a tsakiyar kirari ya dawo kaina. Na saci kallon Sabo, na ga murmushinsa ya bushe. Wallahi ban taɓa shan ruwan da ya kai wannan kallo sanyi ba.

Sai Sanata ya taso daga kujera, ya naɗe hannun babbar riga.

"Alhaji, wannan ai na Damagaram ne."

"Ranka ya daɗe, ashe ido bai manta ba."

Ya dafa tozo, ya duba haƙori, jama'a na tafi. Sannan ya ce, "Ku cire masa rigar nan in ga haƙarƙari. Zafi ma ya dame shi."

Na yi sauri na ce, "Ranka ya daɗe, ai hotonka ne a jiki, bai kamata a sauke shi a gaban mutane ba."

"Hotona ba ya nuna ƙiba, Alhaji."

"Bari in taimaka, mutumina," in ji Sabo. Ya durƙusa, ya kwance igiyoyin da hannunsa.

Rigar ta zame. Wayoyi suka tashi sama. Sanata ya ja da baya kaɗan, ya karanta a hankali kamar mai koyon karatu, sannan ya juya ga jama'a.

"Ikon Allah. An gaya mini mutane na sauya sheƙa. Ban san abin ya kai kan shanu ba."

Dariyar da aka yi, ina jin har Maigatari an ji ta. Na tattaro sauran wayona na ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙwato maka shi na yi daga hannunsu."

Saura kaɗan in tsira. Sai Sabo ya karkata kai yana duban rubutun, ya ce a hankali, amma kusa da lasifika, "Hannun dai na Alhaji ne. Duk kara an san fentinsa."

Sanata ya dafa kafaɗata. "Mun karɓa, mun gode. A yanka shi yau, kafin ya koma."

Kafin in isa gida bidiyon ya riga ni. Mutanen Injiniya suka daina amsa gaisuwata, mutanen Sanata kuwa in sun gan ni sai su tambayi lafiyar garke. Washegari Sabo ya zo da kansa a motar kwamiti, ya kawo mini cinya guda da ƙirgin bijimin a naɗe. Ya ce, "Sanata ya ce nama ya ci, amma rubutun naka ne."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun daga ranar masu shayi suka fara cewa ashe Sanata ɗan gida ne, ya san dabba, ga barkwanci. Kujerar da ke rawa ta ɗan zauna. Ko zai koma ko ba zai koma ba, Allah ne masani, ni na daina duba haƙorin 'yan siyasa. Amma duk ƙuri'ar da ya ƙara a watan nan, bijimina ne ya jawo ta, kuma Sabo aka yaba wa, wai kwamitinsa na aiki.

Na dai koyi abu biyu. Ba na ƙara shafa fenti sai ciniki ya faɗa. Kuma duk dabarar da ta zo mini ina cikin tunanin Sabo, sai na fara kai ta gaban Hajiya Rabi. Ƙirgin yana nan a zaure, na kifa rubutun ƙasa. Duk ranar da Sabo ya zo gaisuwa, ga kujeru a jere, amma a kansa yake zama.