Barguna a Watan Yuli

Ba zan taɓa mantawa da Yulin farko da na yi a garin Greensboro na jihar Karolina ba, kuma ko na so in manta, matan garin nan ba za su bar ni ba. Tsakiyar shekarun casa'in ne, ban cika shekara da zuwa ba. Maigidana, wanda nake kira Malam, yana karatun digiri na uku, muna haya a wani ɗan gida a unguwar Glenwood, ciki da falo, wanda in ka buɗe firij sai mai wucewa ya dakata. Ba ni da aiki, ba ni da mota, ba mu samu haihuwa ba tukuna. Abokan hirata biyu ne, talabijin da Mama Jun.

Mama Jun maƙwabciyarmu ce, tsohuwar Baturiya mai fara'a, ita da mijinta Baba Hal. Ita ta koya mini shiga bas, ita ta kai ni kantin da ake samun kuɓewa da naman halal a High Point Road, ita ta zauna da ni ranar da aka bugo waya cewa kakata ta rasu. Na riƙe ta uwa. Matsala ɗaya ce kawai. Na koyar a firamare a Zariya, ina ganin Turanci ba ya yi mini gardama, amma tsofaffin Karolina kalma ɗaya sai su ja ta kamar cingam. Rabin maganarta nake ji, sauran rabin in cike da kaina. (Ku riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya daga rabin da na cike ya fito.)

Wata Asabar na leƙa taga na ga kayan ɗakinta kaf a kan ciyawar ƙofar gida: kujeru, gado, tangaran, keken ɗinki, har tukwane. Mutane na tsayawa suna ɗagawa, suna juyawa, suna tayawa. A inda na fito, mace ba ta fitar da gadonta da kwanukanta bakin titi sai duniya ta yi mata zafi. Na yafa mayafi na tsallaka. Ta ce mini sun sayar da gidan, daga yanzu a mota za su zauna, yau nan gobe can. Na tambayi 'ya'yanta. Ta ce namijin yana Kalifoniya, macen tana Ohayo, kowa da hidimarsa. Tana faɗa tana murmushi. Na ce a raina, dubi dauriya irin ta mutanen da.

Na dawo gida ina share hawaye na gaya wa Malam cewa Mama Jun ta rasa gidanta, a mota za ta riƙa kwana. Kansa na cikin takardu, bai ko ɗago ba, ya ce Allah ya kyauta, ƙasar nan sai a hankali. Na ɗauki wannan a matsayin tabbaci daga mai ilimi.

Bayan 'yan makonni ta zo ta ce ƙungiyarsu za ta yi taron shekara a wata gona can bayan gari, duk abokansu masu zama a mota za su hallara, tana so in raka ta in wuni. Ashe ba su kaɗai ba ne. Ashe har ƙungiya gare su. Na hango tsofaffi birjik, waɗanda 'ya'yansu suka watsar, sun haɗa kai suna rufa wa juna asiri.

A makon aka yi suna a gidan Anti Rakiya, wata 'yar Maraɗi da ke zaune wajen titin Wendover. Bayan an ci an sha na miƙe na ba mata labari, kuma sai na yaba wa kaina, na iya ba da labari. Anti Rakiya ta dafe ƙirji tana salati, tana haɗawa da Faransanci. Mutum ɗaya ce ta yi tambaya, wata Hajiya Asabe da ta daɗe a ƙasar tana aikin jinya.

"Wace irin mota ce?"

"Haba Hajiya," na ce. "Mota dai ai mota ce. Ke za ki so mahaifiyarki ta kwana a mota?"

Ta koma kan abincinta, ni kuma na ji daɗin na rufe mata baki. Kafin ranar taro na tara barguna, rigunan sanyi, sabulu, man girki da buhun shinkafa. Na haɗa da wata jaket ɗin Malam mai kauri, ba tare da na tambaye shi ba, don na san lada zai samu.

Ranar taron Mama Jun ta zo ɗaukata a ƙaramar motarsu, ta ce Baba Hal ya riga ya tafi da babbar. Ta ga ina ta cusa manyan ledoji a but ɗin motar, ta tambaya, na ce 'yar tsaraba ce. Ban so in kunyata ta. Muka bar gari, muka ratsa gonakin taba da masara, zafi kamar ana hura wuta.

Da muka isa ya kamata in farka. Motocin manya ne kamar lagzarin da ke zuwa Legas, an jera su layi-layi, kowace da rumfarta. Amma wanda ya riga ya yanke hukunci, duk abin da ya gani shaida ce. Na ce Allah sarki, tsofaffin bas-bas ne hukuma ta taimaka musu da su. Na ga suna gasa nama a waje kan gawayi, na ce ba kicin. Na ga suna ci a farantan takarda, na ce ai an sayar da tangaran. Na ga dattawa masu furfura da gajeren wando, na kawar da kai don kada in ga tsiraicin talauci.

Da azahar aka taru a wata babbar rumfa don cin abinci. Shugabar ƙungiyar ta ɗauki lasifika ta ce duk wanda ya zo da baƙo ya gabatar da shi. Mama Jun ta miƙe ta ce ga 'yarta daga Najeriya. Aka tafa. Da na yi murmushi na zauna, da yau ba ni da labarin ba ku. Sai na miƙa hannu na karɓi lasifikar.

Na fara da gaisuwa. Na ce na ji halin da suke ciki, kuma kada su ji kunya, rashin gida ba laifi ba ne, jarrabawa ce. Na ce a ƙasarmu ba ma barin tsofaffi a titi. Na ce 'ya'yansu za su gane kuskurensu wata rana. (A nan muryata ta fara rawa, na kuma ji daɗin hakan.) Na ce matan Hausawan Greensboro sun aiko ni da ɗan abin da ya sawwaƙa kafin sanyi ya shigo. Na rufe da cewa gidanmu ƙarami ne, amma falonmu na Mama Jun da Baba Hal ne, mu sai mu kwana a ƙasa.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka maganar ce ta ratsa su. Na jawo ledoji na fara rabo, tebur-tebur, bargo ga wannan, sabulu ga waccan. Kowa ya karɓa da hannu biyu yana kallon na kusa da shi. Can na hango wani dogon tsoho da tsohuwar hula da wando duk ƙasa, na ce wannan ya fi kowa buƙata. Na ɗora masa jaket ɗin Malam a kafaɗa, na ja buhun shinkafa na ajiye a ƙafarsa, na ce ya yi haƙuri, Allah yana sane da shi. Ya cire hula ya ce ya gode ƙwarai.

Sai na ji Mama Jun ta kama hannuna. Fuskarta ta yi ja, leɓenta na motsi. Ta ce in zo ta nuna mini wani abu. Muka je wajen babbar motarsu, ta buɗe ƙofa.

Sanyin iya kwandishan ne ya fara marina. Kafet mai laushi. Kujerun falo. Kicin da murhu da firij da na'urar ɗumama abinci. Talabijin wadda ta fi tamu. Can ƙurya gado shimfiɗe da matasai, ga banɗaki har da shawa. Falon da na yi musu tayi, da za a ɗauko shi a sa a cikin motar nan, da sauran wuri zai rage. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali, kalma-kalma, yadda ake yi wa yaro. Sun yi ritaya ne. Tun suna matasa suke burin zaga ƙasar. Waɗanda ke waje, wannan likita ne, waccan lauya ce, mafi yawansu ma suna da gidajensu, shaƙatawa ce ta kawo su. Na tambaya da 'yar ƙaramar murya, dogon tsohon nan fa? Ta ce ai gonar tasa ce, har inda idona ya tsaya.

Na ce ina so in shiga banɗaki. Na shiga na murɗa makulli, na zauna, na yanke shawarar a nan zan ƙare rayuwata. Ina jin Baba Hal ya shigo, ya fara dariya, ta kore shi. Can ta matso jikin ƙofar. Ita ma dariyar take, amma ina jin tana jan hanci.

"'Yata, ki saurare ni. Na tsufa a layin nan. Da muka ce za mu tashi, kowa cewa ya yi a sauka lafiya. Ke kaɗai kika damu da inda zan kwana. Fito ki ci abinci."

Na fito, don ba a musu da uwa, kuma gaskiya yunwa nake ji. Na koma rumfar kaina a ƙasa, ina jiran dariya. Abin da na tarar shi ne mai gonar sanye da jaket ɗin Malam, ya zuge zif har wuya, a cikin zafin nan, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ce kyauta ce, kuma shi ba a yi masa tarbiyyar ajiye kyauta a gefe ba. Sai a lokacin aka fashe da dariya, ni ma na yi, ina rufe fuska da mayafi. Shugabar ta ce bargunan za a kai su gidan marasa galihu na cikin gari, kuma kowace mota ta ƙara da nata. Wata tsohuwa dai ta ƙi ba da sabulunta, ta ce ƙanshinsa ya yi mata. Har la'asar ana jana daga wannan mota zuwa waccan, kowa na so in ga tasa, kowa na ce mini in duba ko yana buƙatar taimako.

Da na dawo na ba Malam labari, ya yi dariya har ya sauko daga kujera. Ya ce da na ce masa motohom ce, wato mota mai gida a ciki, ai da ya gaya mini. Na ce da ya ɗago kai daga takarda ai da ya tambaya. Ya tsaya da dariya ne kawai da ya ji inda jaket ɗinsa take. Su Anti Rakiya kuwa kafin mako ya zagayo sun kai labari har garin Raleigh, kuma har yau in na shiga taron biki sai wata ta ce a ba shugabar agaji kujera.

Ban daina tausayi ba, kada ku ce na daina. Sai dai yanzu, in na ga mutum a halin da ya sosa mini zuciya, kafin in tara matan gari in yi musu kuka, nakan nemi izini in leƙa ɗakinsa tukuna.