Jikan Madugu a Hanyar Sukra

Mun taso daga aikin gini a unguwar Jadid, inda muke ci-rani, muna cikin motar haya za mu masaukinmu a unguwar Sukra, sai muka tarar an rufe hanya. Direba ya tsaya yana sosa ƙeya. Na gyara murya.

Na ce, "Kakana madugu ne. Da taurari yake ratso hamada ya kawo ayari garin nan daga Damagaram. Abin a jini yake. Yi dama!"

Ya yi dama. Na ce hagu, ya yi hagu. Sai ga shingen sojoji a hanyar Tamanhint, ga rabinmu ba takardar izinin zama a ƙasar. Da salati direba ya juyo.

Wani dattijo a motar ya dafa ni. "Ɗana, kakan naka ya taɓa komawa gida kuwa?"

Har yau ko shago zan leƙa, sai abokan aiki su ce, "Madugu, bari taurari su fito tukuna."