Tanimu Tirela da Tsohuwar Doka

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar bakin kasuwar masara a Funtuwa ya san Tanimu Tirela. In ma bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don tun daga kan kwana ake jiyo ta. Sunan Tirela kuwa ba wanda ya raɗa masa, shi ya raɗa wa kansa, wai Turawa ne suka sa masa lokacin da yake buga ƙwallon zari-ruga a Amurka.

Zuwa Amurka dai ya je, ba zan ci haƙƙinsa ba. Jinyar ubangidansa ya raka. Ya yi 'yan watanni a kan kujerar asibiti, ya tasa talabijin a gaba, yana kallon ƙarti suna gware da juna. Amma ko da ya dawo, kujerar nan ta zama fili, shi kuma ya zama dodon filin.

"Mutum goma sha ɗaya," in ji shi, yana dukan ƙirji, "kowanne ya yi bijimi. Su taso, in taso. Gum! Sai dai a zo a kwashe su."

A gida kuwa wani karatun ne. Da matarsa Atine ta ce ya ɗaga mata buhu, ko ya hau ya toshe yoyon rufi, sai ya dafe gwiwa: "Wash! Tsohon ciwon Amurka." Haka baiwar Allah take jan buhunta ita kaɗai, in damina ta zo ta jera kwanuka a tsakar ɗaki.

Ana nan sai Malam Lurwanu, malamin motsa jiki a sakandare, ya dawo daga wani kwas da wani ƙwallo mai siffar gwanda, ya ce zai kafa ƙungiyar zari-ruga. 'Yan dakon kasuwa suka ce da su za a yi. Babbansu Gambo, wanda yake saɓa buhun masara biyu yana amsa waya. Saura a zaɓi koci, kuma an ce kocin ne zai kai ƙungiya gasa Legas, da riga mai sunansa a baya, da hoto. Tanimu ya ji Legas, ya ji hoto, sai yawunsa ya tsinke. Ga mai abu a gari, a ɗauka a ba ɗan kwas? Ina!

Ranar taron zaɓen koci Malam Lurwanu ya tsaya yana yi musu bayanin bugun buɗe wasa.

"Yadda aka saba, ɓangare ɗaya ne ke bugo ƙwallo can nesa. Mutum ɗaya ya cafe, ya rugo da shi. Su kuma masu bugun su taso daga nesa da gudu na tsiya, su yi karo da shi. To, an ga ana yawan jin ciwo, shi ne can Amurka aka kawo shawarar a sauya. A jera su kusa, kuma kada wanda ya motsa sai ƙwallo ya iso ga mai cafewa. Ni ina ganin da wannan ya kamata mu fara."

Tanimu ya yi wani dogon tsaki.

"Malam, alli daban, fili daban. Wannan dokar ragwaye ce! Su tsaya kamar masu jiran tantancewa? Da haka muka yi, da wa zai san ni?"

"To yaya kuke yi a zamaninku, Yallaɓai?" in ji Gambo, ya baza kunnuwa.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Tanimu ya gyara zama.

"Mu a namu, wanda ƙwallo ke jikinsa ya zama nama. Ba a barinsa sai bayansa ya taɓa ƙasa."

"Ko ya fita daga layi?"

"Wane layi? Layi na 'yan makaranta ne."

"In alƙali ya busa usur fa?"

"Ya yi ta busawa, kumatunsa ne. Kai, ko ɗakin uwarsa ya shiga, a bi shi a fito da shi!"

'Yan dako suka kaure da ihu. Malam Lurwanu ya ce wallahi babu wannan a ko wace doka, tsohuwa ko sabuwa, amma wa ke jinsa? Tanimu ya ga kasuwa ta yi, sai ya ƙara gishiri: "Ni ko da babbar riga na shiga, ba mai taɓa ni a cikinku."

Nan Gambo ya miƙe. Shi ba mugunta ya nufa ba, ƙauna ce tsantsa.

"Magana ta ƙare. Ranar Asabar a gwada duka biyu a filin firamare, wadda ta fi armashi mai ita ne koci. Tunda a garin nan ba wanda ya iya cafewar tsohuwar doka, Yallaɓai zai nuna mana. Da babbar rigar ma, don 'yan baya su samu abin faɗi."

Tanimu ya yi dariyar yaƙe tare da kowa. Ya dafe gwiwa, ya tuna nan ba gida ba ne, ya mayar da hannun kamar susa yake.

Kafin Asabar ya rame. Ya fasa, Legas ta tafi, majalisa kuma ta gagare shi zama har abada. Ya shiga, Gambo ya yi garin tuwo da shi. Can dabara ta faɗo masa. Ba wanda ƙwallo ke jikinsa ake bi ba? To shi ba zai taɓa ba. Ya goce, ƙwallo ya faɗi, ya ce mai bugun ne bai iya ba, a Amurka ba a bugo wa Tirela irin wannan ya cafe. Ya sumbaci hannunsa don jin daɗin kaifin ƙwaƙwalwarsa.

Asabar da la'asar fili ya cika maƙil. Aka fara gwada sabuwar doka, aka yi lafiya aka gama lafiya, ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Tanimu yana gefe yana hamma da ƙarfi don kowa ya gani.

Sai aka kira shi. Ya shigo cikin shuɗiyar shadda yana ɗaga wa jama'a hannu. Ya tattare rigar ya ɗaure ta a ƙugu, ta yi wani zurmemen aljihu a bayansa. Ya hango can ƙarshen fili: ƙarti goma sha ɗaya, ba mai riga, suna ta tonon ƙasa da ƙafa.

Firrr! Dum!

Ƙwallo ya yi sama. Ƙasa ta fara rawa. Tanimu ya bi shi da ido, da ya ga ya nufo shi, sai ya goce gefe cikin ƙasaita, ya juya masa baya ma, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Abin da bai sani ba, don daga kujerar asibiti ba a koyon wannan, shi ne ƙwallo mai siffar gwanda ba ya tashi inda ake zato. Ya daki ƙasa, ya yi hagu, ya yi dama, ya yi wani tsalle irin na kwaɗo, tsulum, ya faɗa aljihun nan na bayan riga. Shadda ta sha sitati, Tanimu bai ji komai ba.

Ya juyo zai fara faɗa. "Wane irin bugu ne wan..."

Ƙarti ba su tsaya ba. Ƙara wuta ma suka yi.

Ya ɗaga hannuwa biyu. "Kai, ba ya wurina! Ku duba, ba ya wurina!"

"Dabarar Amurka ce!" in ji Gambo. "Ya goya shi! Ku kama!"

Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Tanimu ya kwasa. Ba ma gaba ya yi ba, baya ya yi. Ya tsallake layi. Malam Lurwanu ya busa usur har idonsa ya yi ja, amma an riga an gaya musu kumatunsa ne. Tanimu ya keta ta cikin masu shanyar masara, tattabaru suka tashi fir. Hula ta tafi, takalmi ɗaya ya tafi. Ya haɗu da kwata, ya haye ta kamar barewa. Yana gudu yana waiwaye yana rantsuwa ba ya wurinsa, ƙwallo kuwa yana bayansa yana leƙen jama'a.

Da ya iso gida bai tsaya neman ƙofa ba, katanga ya kama. Atine na tsakar gida tana fama da buhun gero, sai ta ga mutum ya diro tim a kan ƙafafu biyu, ya miƙe garau, ya yi wuf ya cusa kansa cikin akurkin kaji. Kaji suka fito suna kururuwa. Rabinsa ne ya shiga, rabin da ke goye da ƙwallo yana waje.

Atine ta saki buhu. Ta dubi katangar nan tun daga ƙasa har sama. Ta dubi gwiwar Amurka. Ta dubi kwanukan tarar yoyo da ke kife a gindin murhu. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Tanimu kuwa daga cikin akurki ajiyar zuciya ya yi. Gidan matar aure ne, ba shiga. Ya tsira.

Sai ga murya daga zaure, cikin haki da ladabi: "Salamu alaikum. Hajiya, Gambo ne. Yallaɓai ya ce ko ɗakin mahaifiya aka shiga a bi mutum, amma dai muka ce mu nemi izini."

Atine ta ja mayafinta ta yafa. "Ku shigo, Gambo. Ai maganar maigida ba ta faɗuwa ƙasa."

Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, suna cire takalma, suka kewaye akurki. Malam Lurwanu ya iso a ƙarshe, usur na lilo a wuyansa.

"Malam Lurwanu!" Muryar ta fito daga cikin akurki a shaƙe. "Kana nan? Kai ne koci! Legas taka ce! Na yi nazari, sabuwar dokar nan akwai hikima a cikinta. Kowa ya tsaya inda yake! Kada wanda ya motsa sai ƙwallo ya zo hannuna, ni kuwa wallahi bai zo ba!"

'Yan dako suka tsaya cak, suna kallon juna. Doka doka ce.

Atine ta tako a hankali. Ta sunkuya ta zaro ƙwallon daga bayan rigar, ta kakkaɓe masa ƙura da gefen mayafi. Ta lalubo hannun mijinta a bakin akurki, ta buɗe shi, ta ɗora masa.

"Ga shi ya zo, maigida." Ta ja da baya ta ba su hanya. "Gambo, bismillah. In kun gama ku bar min shi, akwai rufin da zai hau."