Yadda Ake Zuba Kotu Cikin Kwamfuta Kafin Ruwan Shuka

Kai rajistaran kotu, matso kusa. In ka bi matakan nan shida ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari kafin rani ya fita kotunka ta zama ta zamani, manya sun yaba maka, hotonka ya zaga wayoyi. Dabarar ba tawa ba ce. Ta Malam Maccido ce, rajistaran wata kotu a Illela da ba zan ambaci sunanta ba, wanda ya gwada ta a kan mutane masu rai kuma ta ci.

Don ka ga aiki da ido, shari'a ɗaya za mu bi. Tasalla dattijuwa ce daga Araba. Mijinta ya rasu ya bar musu gona, maƙwabcinsu Hamidu ya wayi gari ya ce rabi nasa ne. Hujjarta takarda ɗaya ce ta ajami da ta ajiye shekara talatin a cikin kwalla, har ta ɗinke inda ta yage da jan zare. Ta miƙa wa kotu. Buƙatarta a yanke hukunci kafin ruwa ya sauka, domin wanda ya riga shuka a gonar rigima, sai bayan kaka ake tada shi.

Mataki na 1: Fara da biki

Ranar da kwamfuta da sikana, injin ɗaukar hoton takardu, suka iso daga Sakkwato, kada ka yi garajen kunna su. Kira mai hoto. Tsaya a bayan allon, ɗora yatsa ɗaya a kan madanni, ka ɗaure fuska kamar mai nazari. Malam Maccido sai da ya sa aka yi wa kwamfutar da sikanar riguna masu aiki, ya hana a ɓare ledar allon har yau. Ka sani, na'urar da ba a taɓa ba ita ce ba ta taɓa kuskure ba.

Mataki na 2: Riƙe kalmar "sabis"

Da can sai ka ce fayil ya ɓata, mutane su harare ka. Yanzu Allah ya kawo sauƙi, ka ce babu sabis kawai. A Illela ma abin ya fi daɗi, don wayarka tana aljihu za ta kama layin Ƙonni ta Nijar, ka ga laifin ya tsallaka iyaka ke nan.

Sau huɗu Tasalla tana hawa babur daga Araba. A zuwa na huɗu ta durƙusa bakin tebur ta ce, "Malam, hadari ya hwara haɗuwa gabas. Yaushe za a kira mu?"

Maccido ya ɗaga waya sama, ya kai ta taga, ya girgiza kai. "Inna, ki yi hanƙuri. Sabis ɗin Nijar ya danne namu."

"To mi ag gamin gonata da Nijar?"

"Abu na na ilimi, Inna. Ki dawo Talata."

Lura da yadda bai ɗaga murya ba. Ladabi yana ƙara wa ƙarya tsawon rai.

Mataki na 3: Ɗauki hoton takardu, fuska ɗaya ta isa

Baƙi za su zo duba aiki ranar Alhamis, kuma adadi suke tambaya, ba sa karatu. Saboda haka zuba takardu a sikana kamar mai suyar waina, ɗauki wannan, saka wancan. Tsofaffin malaman kotu suna da wata ɗabi'a ta tattalin takarda: sunaye da hatimi a gaba, iyakokin gona da shaidu a baya. Wannan matsalarsu ce. Kai inda ka ga hatimi nan ne takarda. Da haka Maccido ya gama fayil ɗari tara a kwana uku, baƙi suka yi ta jinjina masa.

Mataki na 4: Rabu da takarda

Ba a cewa kotun zamani alhali gara tana cin kabad. Liƙa sanarwa a ƙofa cewa daga yau an daina aiki da takarda. Kada ka damu don a kan takarda ka rubuta sanarwar. Sai ka tattara tsofaffin fayiloli a buhu. Ƙonawa almubazzaranci ne, shi ya sa Maccido, mutum mai son lada, ya kyautar da buhu bakwai ga Mukhtar mai tsire na bakin tasha.

Mataki na 5: Ranar zama, kada ka ruɗe

Talatar da aka yi dace da wuta da sabis, aka kira Tasalla da Hamidu. Takardar ta fito ɓaro-ɓaro a allo, har jan zaren ana gani. Alƙali ya gyara tabarau ya karanta sunaye, ya kai layin ƙarshe: iyakokinta da shaidu suna baya.

"Rajistara, juya muna mu ga bayan."

Maccido ya danna. Takardar ta koma kai ƙasa. Ya sake dannawa, ta kwanta a gefe. Gumi ya keto masa ƙarƙashin hula, amma bai daina dannawa ba, kuma nan ne gwanintar take.

Tasalla ta ce, "Allah shi gafarta Malam, bayan na sani. Daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya. A ɗauko takardar a gani."

Hamidu ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, bakinsa yana motsi kamar mai addu'a. Ni dai na san dariya yake haɗiyewa.

A irin wannan lokaci ka ce bayan yana ciki, injiniya ne kawai zai iya fito da shi. Injiniyan yana Sakkwato. Alƙali ya ɗage zama wata biyu.

Mataki na 6: Tsaya a kan tsari

Mutane suna da naci, musamman masu gaskiya. Masinja ya tsegunta wa Tasalla inda buhunan suke. Kwana uku tana zaune gefen tukubar Mukhtar, hayaƙi yana cin idonta, tana juya takardu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta iya karatu ba, jan zare take nema. Abin takaici a gare ka, ta same shi. Mai ya jiƙe gefe ɗaya, yaji ya manne, amma rubutun bayan yana nan, tsamiya da rijiya da sunayen shaidu uku.

Ta shigo ofis tana haki, tana dariya har da ƙwalla. "Malam, ga ta! Allah ya maido min ita!"

Maccido bai miƙa hannu ba. Ya nuna mata sanarwar ƙofa da biro. "Inna, kotu ta bar amsar takarda."

"To sa ta cikin injin naka, shi ɗauki bayan."

Ya dubi man, ya dubi sikanar cikin rigarta. "Wagga? Sai ta ɓata muna gilashi. Kayan gwamnati na."

Daga nan ta ninke takardar, ta ƙulle a bakin zane, ta fita ba sallama. A yammacin ranar aka yi ruwan shuka. Washegari da hantsi Hamidu da matansa suna gonar da sungumi.

A kula

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin komai. In gona ta salwanta, a tuhumi sabis. In sabis ya musa, a tuhumi Nijar. Wanda ya sayi tsire a tasha ya ga hatimin kotu a jikin takardar, ya ci namansa ya yi shiru. Malam Maccido ya samu takardar yabo, kuma ita wannan ya karɓa hannu bibbiyu, ya sa mata gilashi ya rataye. Mai ƙorafi ya turo ta intanet. Wanda ya matsu ya san inda shari'ar Tasalla ta kwana kuwa, ba sai ya wahalar da kotu ba, ya hau babur ya je Araba. Daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, geron Hamidu ya kai gwiwa.