Babbar Rigar Masta Iddi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka tarbo Hajiya Lamisi daga Makka, ko da kuwa tsufa ya sa na manta sunan jikokina. Lokacin watana biyu da buɗe shagon haɗa sauti a mota a unguwar Race Course. Na bar maigidana, Masta Iddi, tun bai yaye ni ba, don a ganina na riga na fi shi. Mutumin da ko sifikar rediyo aka kawo sai ya ɗora mata mita ya auna (har gidan suna yake zuwa da mitar nan a aljihu), ni kuwa na ce kunnena ya ishe ni.

Awudu, abokina ɗan Hajiya, shi ya kawo tasinsa. Yana so in sa masa manyan sifikun bugu biyu a but ɗin bayan motar, yadda in ya ɗauko tsohuwa daga tasha duk unguwar Alabar za ta ji ƙasida tana girgiza ƙasa. Direbobin tasi da yawa za su bi jerin gwanon, ni kuma su nake fata su zama kwastomomina.

A jikin amfilifayarsa, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, an rubuta ƙarara cewa kada a haɗa ta da sifikun da awonsu a mita ya gaza om huɗu. Sifikun kuwa om biyu-biyu ne, amma ina na sani, tunda ban auna ba? Na yi gadar waya tsakanin sifikun, na haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, lissafi ya faɗo om ɗaya. Wato na ɗora wa jaki ɗaya kayan jakuna huɗu. Da na kunna na minti biyu ƙara ta tashi kamar aradu, Awudu ya rungume ni yana cewa, "Chale, abokina, kai ne sabon masta!" Ni ma na yarda.

Ranar tarbar, muna tsakiyar Alabar, mata na guɗa, Hajiya na ɗaga hannu ta taga, sai sauti ya ɗauke ɗif. Warin roba mai ƙuna ya biyo baya. Wani ya ƙwala ihu, "Wuta! Wuta!" Hajiyar da aka ce gwiwa ta dame ta a Makka ta riga kowa dira daga mota. Ƙanwarta ta sungumo galan ɗin zamzam za ta sheƙa a but, Hajiya na ihu, "Ei, ban da zamzam ɗina!"

Sai idanu suka dawo kaina. Na buɗe but, jar fitilar amfilifaya na hararata, ƙarfen ya yi zafin da za a soya ƙwai. Wani direba ya ce, "Wai wannan ne mai sabon shagon?" Na so ƙasa ta tsage.

Nan na ji ƙanshin turaren da na sani. Masta Iddi ne, cikin babbar riga. Na jira ya tsinka ni gaban jama'a, kuma da ya yi, da bai zalunce ni ba. Sai ya juya ga mutane ya ce, "Ku ba shi iska, yarona ne, ya san aikinsa." Ya tsaya a bayana ya baza rigar nan ta kare ni daga idon kowa, ya zura mini mita ta ƙarƙashin hannu.

"Auna," ya ce a hankali. "Nawa?"

"Ɗaya, Masta."

"Uhum. Cire gadar nan. Baƙar wannan ta shiga jar wancan. Yanzu fa?"

"Huɗu."

"Yoo. Bari shi huce. Allah ya so ka, rigar waya ne kawai ya narke."

Bai taɓa ko waya ɗaya da hannunsa ba. Bayan minti goma ƙasida ta dawo, aka yi ta tafa mini, har direban nan ya karɓi lambata. Ni kuwa hawaye nake gogewa, ina cewa hayaƙi ne.

Washegari na tafi shagonsa da goro, na durƙusa na ba shi haƙuri, na miƙa masa mitarsa. Ya ƙi karɓa. "Riƙe," ya ce, "ba kullum nake sa babbar riga ba."

Allah Ya saka wa Masta Iddi da Aljanna. Yau ko ƙwan fitila aka kawo mini sai na auna, kuma in kun ga aljihuna ya yi tudu a gidan suna, ba goro ba ne.