Motar Baba da Turbo Mai Tambari

Jama'a, yau ma a ƙafa na zo aiki, kuma tun kafin in yi rabin hanya takalmina na dama ya buɗe baki. Ba talauci ne ya sa ni tafiyar ƙasa ba, ko da yake shi ma yana nan bai yi tafiya ba. Turbo ne ya jawo mini. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, ko wani ya tsira.

Kun dai san sabuwar gadar saman da Masu Girma suka yi mana. An ce a zane doguwa ce, mai hawa a hankali. To da kuɗin ya gajarce a hanya sai gadar ma ta gajarce, tsayin ne kawai aka bar mana cif yadda yake. Allah ya saka musu da alheri, sun haɗa mana gada da wurin motsa jiki, domin duk safiya za ka ga magidanta sun fito suna turin mota, gumi har cikin safa.

Motata kuwa ta gado ce. Baba ya rasu ya bar mana ita, ni da Yayana. Ni nake hawa, shi kuma yana da rabi, yana da baki. A cikinta na koyi tuƙi, Baba na zaune a gefe yana dungure mini kai duk sanda na saki kuloci da ƙarfi. Ina son motar nan, ba zan ɓoye muku ba. Idan na zauna a kujerar direba, lotsawar da ke jikinta ta Baba ce, ba tawa ba.

Wata safiya muna tsakiyar gadar sai ta yi tari, ta ja numfashi, ta fara komawa da baya, ni da maman yara muna ciki. Maman yara ta fita ta tura da kwalliyarta da komai. Kafin yamma labari ya isa kunnen Yaya.

"Ƙanena," in ji shi, "motar da ba ta hawa gada ba mota ba ce, kujera ce mai taya. Ta sake yi maka haka, wallahi 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe zan kira su yanka ta, a raba kowa ya huta."

Sai na garzaya wurin bakanikena, wanda samarin unguwa ke kai wa motocinsu yana ƙara musu ƙarfi da ƙara. Ya ɗaga bonet, ya yi tsaki irin na likitan da ya ga majinyaci mai kuɗi.

"Oga, turbo za a sa mata."

"Mene ne kuma turbo?"

Ya ce wani ƙarfe ne mai siffar katantanwa. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata 'yar farfela a ciki, ita kuma ta cusa wa inji ƙarin iska, sai tsohon inji ya koma saurayi. Zai haɗa bututu, ya jawo mata hanyar baƙin mai, ya daidaita komai. "Amma fa ka sayo mai kyau," ya ce. "Farfelar nan gudun da take yi ba na wasa ba ne. In ta banza ce ta fashe, inji ne zai haɗiye gutsattsarin."

"To yaya zan gane mai kyau?"

"Ka duba tambari mana, Oga. Me aka ajiye hukuma take yi?"

A kasuwar kayan gyara na sami wani mai shago da ake kira Ba-Ƙarya. Duk wanda sai da aka laƙaba masa wannan suna, ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani, amma ni ban tsaya ba. Ya jero mini kwali uku a kan kanta: ɗaya mai hoton zaki, ɗaya mai hoton damisa, ɗaya kuma fari fes ba hoton kowa.

"Wannan na asali ne," ya dafa zaki. "Wannan ƙanen na asali ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan farin kuma maƙwabcinsu ne, amma tare suka taso."

Dukansu uku suna ɗauke da tambari mai walƙiya na Ofishin Manna Tambari, an manna shi daidai bakin kwalin. Na ce a buɗe in gani.

Ba-Ƙarya ya ja da baya ya dafe ƙirji. "Alhaji, so kake a rufe mini shago? Wanda ya yaga tambari kafin ya biya ya yi laifi."

"To su da suka manna, sun ga abin da ke ciki?"

"Haba, ina! In suka buɗe ai ya zama buɗaɗɗen kwali, su kuma doka ta hana su manna tambari a kan buɗaɗɗen kwali."

Ku ji hikima, jama'a! Ranka ya daɗe Babban Mai Manna Tambari, na cire maka hula. Wane ne ya taɓa kama kwali yana zubar da baƙin mai? Ingancin kwalayen ƙasar nan ba shi da na biyu.

Tunda ba a buɗewa, a kasuwar nan da hannu ake sayen turbo. Ka ɗaga kwali ka ji nauyi, ka girgiza shi kusa da kunne. Wani dattijo da ya zo sayen fitila ya taya ni, wani mai sayar da batir ya shigo ya sa baki, muka yi ta miƙa wa juna kwalaye kamar masu zaɓen kankana. Aka yi ittifaƙi a kan damisa, domin ta fi nauyi kuma ba ta ƙara. Na biya, na rungumo ta har gareji.

Ranar da aka ɗaura, ban gane motar ba. Ina taka totur sai na ji wani fito siriri, kujera ta manne mini a baya. Muka haye gadar nan a giya ta uku, ina ɗaga wa masu turi hannu. Maman yara ta yi murmushi, har ta ce in ƙara zagayowa. Na kira Yaya na kara masa wayar a bonet ya ji fiton da kunnensa.

Ba a jima ba hayaƙi ya fara. Da farko ɗan shuɗi-shuɗi, daga baya ya zama idan na shigo layinmu ba a ganin gidan da ke tsallake. Bakanike ya cire bututu ya sa yatsa ya taɓa farfelar, sai ga ta tana rawa hagu da dama. Ya ce turbon yana tsiyayar da baƙin mai cikin salansa, shi ke ƙonewa.

"Oga, ajiye ta. Kada ka ƙara tayar da ita sai an canja. Damisar nan kyanwa ce."

Na lallaɓa da ita gida a hankali don in ajiye ta, raina a ɓace. Ina tsayawa sai ga maƙwabcina tela ya fito yana tari yana tafi.

"Maƙwabci, ashe kai aka ba! Shi ne ka yi shiru?"

"Aka ba ni me?"

"Feshin sauro mana! Wanda aka yi mana alkawari tun zaɓen can. Tsohuwata ta ce a gaya maka Allah ya yi albarka, kwana biyun nan barci take har da minshari."

Na rantse masa cewa lalacewa ce. Ya kashe mini ido ya ce ya gane, aikin hukuma akwai sirri. Kafin in ankara labari ya bar layinmu. Da safe ina shan shayi na ji wani Mai Girma a rediyo yana cewa kashi na farko na feshin sauro ya kankama, kuma jama'ar unguwa kaza shaida ne. Unguwarmu ya ambata.

Da hantsi sai ga wani mai babbar riga da baƙin tabarau a ƙofar gidana. Ya ce shi na hannun daman Mai Girma ne. Za a yi bikin ƙaddamar da motocin feshi, baƙi za su zo, sai dai motocin suna kan hanya. Sun daɗe a kan hanya, ina jin gadar ce ta tare su. Yana so a ba su aron tawa ta yini ɗaya, za a ba da na goro mai kauri.

"Sharaɗi ɗaya," ya ɗaga yatsa, "kada a gyara."

Na ce bakanike ya hana a tayar da ita. Yaya, wanda tela ya riga ya kira, ya ja ni gefe.

"Kai wane irin mutum ne? Yau motar nan ta fara ciyar da kanta za ka hana? Da abin da za su bayar sai ka sayi turbon kirki. In ka ƙi, ka san masu jira."

Na san masu jira, 'yan gwangwan ne, har ƙarar gudumarsu nake ji a kaina. Na yarda. Na ce a raina zan lallaɓa ta, ba zan taka da ƙarfi ba.

Ranar biki aka shafa mata koren fenti a kan fentin Baba, aka ɗaura mata ƙyalle. Mai Girma ya yi jawabi a kan yadda aka yo odarta musamman daga waje, ni kuwa ina zaune a ciki ina kallon tabon da na yi wa sitiyari tun ina yaro. Ya yanke ƙyalle. Na tayar, na ɗan taɓa totur, hayaƙi ya fito daidai gwargwado.

Mai tabarau ya leƙo ta taga. "Taka mana! Masu hoto sun ce bai isa ba."

"Ranka ya daɗe, farfelar..."

"Taka, Mai Girma yana kallo!"

Na taka. Fiton ya koma kuka, kukan ya koma ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe. Wani hayaƙi ya turnuƙe har rumfar manyan baƙi ta ɓace. Sai inji ya yi gum. Jama'a suka ɓarke da tafi, makaɗa suka saki kiɗa, ni kuwa na kifa kaina a sitiyari. Ban ji kunya ba, hawaye na yi, kuma kowa ya ɗauka hayaƙi ne.

Da taro ya watse na nemo masu turi mu kai ta gida. Mai tabarau ya tare mu, ya ce ina za mu da kayan gwamnati? Abin da aka ƙaddamar ba ya komawa hannun mutum ɗaya. Maganar na goro kuma in riƙa leƙowa. Yaya ya yi ta faɗa har hularsa ta faɗi, yana cewa motar ubansa ce ba mai taɓa ta. Ban taɓa jin ya kira ta haka ba sai ranar. Suna ji suna gani, muna ji muna gani, aka ja ta.

Yanzu tana harabar ofishinsu, tsakanin wata tarakta da aka ƙaddamar bara da motar kwasar shara da ciyawa ta fito ta cikinta. Kullum in zan wuce nakan tsaya a bakin wayar shinge in gaishe ta. Maigadin ya ce kada in damu, ba wanda zai taɓa ta har abada, a nan ba a taɓa komai.

Allah ya ji ƙan Baba. Ya ƙare rayuwarsa yana neman aikin gwamnati bai samu ba, ga shi motarsa ta samu, har ta fara irin aikin da ake yi a can.